Amaryata a Kan Ƙyaure

Jikata, wadda nake kira amaryata, ta faɗo daga kan amalanken albasa tana 'yar ƙarama, ƙashin cinya ya karye. Ni da bokona ya tsaya a firamare na ce a kai wa mai ɗori. Ubanta ya ce asibiti, a birni. Can suka zuba mata siminti daga ƙirji har idon sawu, ƙafafu a buɗe, da sanda a tsakani. Ba ta zaunuwa, ba ta goyuwa. Ranar sallama nas ta ja mana kunne: kada ya jiƙe, kada ya tsage. In ya tsage ƙashin zai goce, ta tashi da ɗingishi har tsufa.

Adaidaita ta kawo mu daga Kura, yarinya kwance a kan cinyoyinmu. A bakin babban kanal na ban ruwa direba ya tsaya, ruwa ya ɓalle daga wata gona ya mai da hanyarmu taɓo. Sai dai a bi ta kan kunyar gona da ƙafa.

Muka ari ƙyauren bukkar mai gadin gona, muka kwantar da ita, uwarta ta lulluɓe ta da farin mayafi saboda rana da ƙuda. Barci ya ɗauke ta. Na ɗauki gaba, ubanta baya, muka saɓa a kafaɗa.

Ba mu yi nisa ba na ga masu tsinkar tumatir suna ajiye kwanduna. Salati ya tashi. Suka biyo mu shiru, wani ya sa kafaɗa ya karɓe ni, kamar yadda ake yi wa makara. Na buɗe baki zan yi bayani, haki ya hana ni. Wani abokina na yarinta ya kama hannuna.

"Sai haƙuri, Malam. Allah ya sa mai ceto ce."

Na san tana da rai, a gabana aka lulluɓe ta. Amma tun ranar da ta faɗo, wannan kalmar nake tsoron ji.

Sai daga ƙarƙashin mayafi muka ji: "Tsoho, ƙafata ƙaiƙayi!"

Masu ɗauka suka firgita, ƙyaure ya karkata, ga ruwa a ƙasa. Ban san ina da sauran murya irin wannan ba.

"Kar wanda ya saki! Karaya ce, ba rasuwa ba!"

Suka riƙe. Abokina ya share ido ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka iya sanarwa ba." Ba wanda ya koma gona. Suka ci gaba da karɓa-karɓa a hankali, aka tura wani ya riga mu gida, kada kakarta ta hango mu ta faɗi.

Muka sauke ta, na duba simintin ciki da baya: ko tsaga babu.

Yanzu da gudu take wuce ni zuwa Islamiyya, ƙafa biyu daidai. Ta ce ta sake ni, wai na cika tafiya a hankali.