Binnen Mushe Kalibu

Mushe Kalibu na Tsibiri, wato Malam Kalibu, ba ya karɓar gyara, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Tun yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Maraɗi ya karanta cewa rana tana da baƙaƙen tabo masu ƙaruwa da raguwa, waɗanda ke taɓa yanayin duniya. Littafin ya ce tasirinsu kaɗan ne, amma shi ya ɗora musu damina gaba ɗaya.

Da ya bar aiki ya koma noma, kullum da hantsi sai ya saita tsohon madubin hangen nesa, hasken rana ya faɗa kan farar takarda, ya duƙa yana duban tabon. Wata shekara ya ga sun yi yawa, ya ce ruwa zai sauka da wuri. Ya kwashe irin hatsin da matarsa Yunice ta tanada, ya binne shi a busasshiyar ƙasa. Aka yi yayyafi, hatsi ya tsiro, rana ta ƙone shi.

"Malam, ranarka ce ta cinye," in ji Yunice. "Sai ka roƙe ta tuwo."

Ƙanenta na Jiratawa ne ya cece su da wani iri. Kalibu bai daina duban rana ba, bai kuma ce ya yi kuskure ba. Amma ran Lahadi bayan sujada ya tare maƙwabta a ƙofar majami'a.

"Na san halina," ya ce. "Baɗi ku taya Yunice ɓoye iri. Ko na yi faɗa, kada ku ba ni sai ƙasa ta jiƙa."