Ƙararrawar da Ambrose Preece Bai Taɓa Ji Ba

Shekara hamsin da ɗaya Ambrose Preece ya yi yana kaɗa ƙararrawar cocin garin Marlcot, amma bai taɓa jin ta ba. Wanda bai san aikin ba zai ce zancen bakin mashaya ne. To ba shi ba ne. Ƙararrawa shida ce a hasumiyar cocin, kowacce da igiyarta, kowace igiya da mutum guda. Masu ja suna tsaye a wani ɗaki can ƙasa, rufin katako biyu tsakaninsu da ƙarafan. Abin da ke isowa kunnensu bai wuce rugugi da kukan katako da nishin na kusa ba. Zaƙin na mutanen waje ne.

An haife shi a 1903 a gidan da ke bayan maƙera. Ubansa makiyayin tumaki ne, shi ma tumakin ya gada, har da tafiyarsu. Yana ɗan shekara sha bakwai aka miƙa masa igiya, kafin ya kai talatin ya gaji babbar, wadda kullum ita ce ta ƙarshe, mai nauyin saniya biyu. A shekarun yaƙin duniya na biyu da gwamnati ta hana kaɗawa, yakan hau duk Lahadi ya shafa musu mai, ya ɗan tsaya, ya sauko. Doka ɗaya ya kafa a hasumiyar nan: mace ba ta taka matakalarta.

Matarsa Winnie ba ta damu da dokar ba, don tana da wurin da ya fi hasumiya. Duk safiyar Lahadi takan ƙetare rafi ta hau tudun da ke bayan gonar tuffa, ta jingina da ƙyauren shinge har a gama kaɗawa, sannan ta shigo coci a makare tana neman gafarar fasto da ido.

"A can fa ƙararrawar ɗaya bayan ɗaya suke zuwa, kamar tumaki na gangarowa," in ji ta. "Taka ce a baya, tana tafe tana jan ƙafa kamar mai ita."

"Wata rana zan zo in ji."

"Ka zo mana. Ƙyauren zai ɗauki mutum biyu."

Shekara talatin da tara suna wannan magana. A da, da ya ga dama da ya je, don masu ja har goma sha biyu ne, ana rigimar layi. Amma Ambrose ya bar wa wani babbar? Ai gara ya bar masa haƙoransa. Sai aka daina tsayar da jirgin ƙasa a garin, aka rufe makaranta, samari suka bi masana'antun mota a Birmingham. Ranar da aka binne Winnie, a 1969, masu ja shida cif suka rage, shi ne na shidan. In ya saki igiya ya hau tudu, biyar zai ji, kuma tasa ce babu.

Bayan shekara biyu ya lura butar shayi ta daina yi masa fito. Tsuntsaye ma sun koma buɗe baki kawai. Likita a Ludlow ya leƙa kunnuwan ya ce, "Mista Preece, siraran sauti su ne kan fara tafiya, masu kauri su biyo baya. In akwai abin da kake son ji, ka ji shi bana."

Ya bi gari gida gida yana neman namiji guda mai hannu biyu. Mahauci ya ce ciwon baya, mai kai wasiƙa ya ce gwiwa, fasto ya ce shi aikinsa a ƙasa yake. Ranar wanka dai ba a ɓoye cibi. Ya sa hular da yake zuwa biki da ita ya nufi gonar Beryl Tudge, ƙanwar Winnie, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shanu ashirin. Beryl takan ɗaga garwar madara biyu ta ɗora a mota tana zagin direba. Kuma ita ce tun tana budurwa Ambrose ya koro daga matakalar hasumiya da tsintsiya.

Ya tarar da ita tana wanke garewani.

"Wa ya mutu?" ta tambaya, tana kallon hular.

"Babu kowa."

"To aure ka zo nema? Ka makara, tsoho, na yi wa bijimina alkawari."

"Ke dai bakinki bai tsufa ba. Hannu nake nema. A hasumiya."

Ta ajiye garwar a hankali. "Wace hasumiyar? Wadda mace ba ta takawa?"

"An gyara dokar."

"Wa ya gyara?"

"Mai ita."

"Ina tsintsiyar?"

Ya murza hular a hannu, ya gaya mata abin da likita ya ce, da ƙyauren nan na kan tudu. Beryl ta daɗe tana goge hannunta a zane, hannun da tuni ya bushe.

"Babbar nake so," ta ce. "Ban zo jan ta 'yan yara ba."

Duk sanyin shekarar suka yi suna koyo. Akan ɗaure harshen ƙararrawar da igiya don kada a dami gari, don haka wata biyar Beryl tana jan shiru, Ambrose na tsaye a kanta yana ihu, don shi yanzu bai san ihu yake ba. Ranar farko igiyar ta ɗaga ta sama har takalmanta suka zo daidai hancinsa.

"Saki! Na ce ki saki!"

"Da ka faɗa tun ina ƙasa," in ji ta bayan ta diro.

"Winnie da tuni ta iya."

"Yaya da tuni ta rataye ka da igiyar."

Shi kuwa kowane mako yana auna kunnensa a ɓoye. Agogon bango ya daina magana a watan Janairu. Lokacin haihuwar tumaki, sai ya ga ɗan tunkiya ya buɗe baki kafin ya san kuka yake. Ya so a gwada tun Maris, amma Beryl ba ta ƙware ba tukuna, kuma ba zai hau tudu don ya ji shirme ba.

Sai Lahadi ta biyu a watan Mayu. Ya fito da wuri, ya ƙetare rafin, ya hau tudun yana hutawa sau uku. Tuffa ta yi fure. Ya jingina a gefe ɗaya na ƙyauren, ya juya kunnen dama wajen gari. Iska daga can take, ya gode Allah. Daga nan hasumiyar ba ta fi turmi ba, bai taɓa ganin ta ƙarama haka ba.

Ya ga hankaki sun tashi daga kanta gaba ɗaya, ya san an fara. Ya ƙirga yadda ya saba. Ɗaya, babu. Biyu, babu. Ta uku ta zo da ƙyar, kamar ana kiran mutum daga wata gona. Ta huɗu, ta biyar, sannan babbar ta taho ta kan rafi da itatuwa, mai kauri, ba ta gaggawa, ta shige shi har ƙirji. Sai gurbi biyu na shiru, sai su sake gangarowa. Ya cire hularsa. Bai motsa ba har aka gama, bayan an gama ma bai motsa ba. Coci ranar bai gan shi ba.

Wajen azahar Beryl ta hau tudun tana haki, tafin hannunta ja wur.

"To? Ka ji, ko na ɓata kafaɗuna a banza?"

"Huɗu na ji."

Ta zo ta jingina da sandar shingen, ba da ƙyauren ba.

"Da mun yi a Maris fa?"

"Da na ji biyar marasa daɗi." Ya share hanci da bayan hannu. "Kina ɗan makara."

"Kai ka koya mini. Sai ka zo ka karɓi igiyarka, in ka fi ni."

"Riƙe ta."

"Har yaushe?"

Wataƙila bai ji ba. Ya mayar da hularsa, ya fara gangarowa, sannan ya juyo.

"Ki gaya wa mahaukacin nan mai jan ta uku, Lahadi mai zuwa ya sa ƙarfi. Tana neman kuɓuce mini."