Tsohuwar da Ta Tsayar da Layi Saboda Fakitin Biskit

Wata rana bayan la'asar na taso daga makaranta, na biya wani kanti a Funtuwa in sayi madara da sabulu.

A gabana akwai wata tsohuwa, za ta kai shekara sittin da biyar. Hijabinta ya koɗe, tabarau ɗinta an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare.

Ta zo gaban mai karɓar kuɗi da fakitin biskit guda ɗaya. Maimakon ta biya, sai ta juya bayansa ta fara karantawa.

Harafi bayan harafi, yatsa na bin layi, leɓe na motsi.

Mu shida ne a bayanta. Wani ya yi tsaki. Ni ma, gaskiya, raina ya fara ɓaci, don na bar girki yana jirana.

Na matsa na ce, "Iya, kawo in duba miki. Me kike nema?"

Ta ce, "Gyaɗa, 'yar nan. Duba min ko an sa gyaɗa a ciki."

Malamar Turanci ce ni, shekarata tara ina koyarwa a sakandare. Na ɗan leƙa jerin kayan haɗin: fulawa, sukari, madara, gishiri. Na miƙa mata.

"Babu, Iya. Ki saya kawai."

Ta karɓa ta yi godiya, amma ba ta biya ba. Ta koma gefe, ta ce wa na bayanta su wuce, ta ci gaba da karatunta daga inda ta tsaya.

Na gama biya ina shirin fita, ta taɓa min hannu.

"Zo ki ga wani abu."

Can ƙasa, kusa da inda aka manne ledar, akwai wani layi da ƙananan haruffa. An rubuta cewa ana yin biskit ɗin a injin da ake sarrafa gyaɗa, kuma yana iya ɗauke da ɓurɓushinta.

Ta ce, "Gyaɗa suna biyu gare ta a Turanci. Ke ɗaya kika nema, a sama. Masu yin biskit ɗin kuma a ƙasa suke ɓoye ɗayan."

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa.

Na tambaye ta wa za ta saya wa. Ta ce jikarta ce, Bara'atu, 'yar shekara shida, wadda take riƙo tun rasuwar uwarta.

Shekara uku da suka wuce ta sayo wa yarinyar alewa a hanyar dawowa daga biki. Ko minti goma ba a yi ba leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata, numfashinta ya koma kamar ana busa usur. A Keke Napep aka kai ta asibiti, kanta a cinyar Iya.

Allah ya yi da sauran kwana. Likita ya ce jikin yarinyar ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, ya nuna mata ledar alewar, ya ce ai ga shi an rubuta.

"A hannuna rubutun yake, 'yar nan, ni na ɓare mata. Ban san abin da ya ce ba."

Sati biyu bayan an sallame su ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarsu. Ta fara da Hausar boko, sannan ta roƙi malamar ta koya mata sunayen kayan abinci da Turanci.

Na ce, "Iya, ai da kin riƙa ba mutane suna duba miki, da kin huta."

Ta gyara tabarau ta ce, "Ina ba su. Amma mai duba min sauri yake yi ya tafi gida. Ni ce zan zauna da ita idan ta ci."



Ta mayar da fakitin inda ta ɗauko, ta zaɓi wani. Na ajiye kayana na tsaya, muka karanta shi tare tun daga sama har ƙasa, har ranar da zai lalace. Akwai wata doguwar kalma da ni ma sai da na duba a waya. Ta ciro ƙaramin littafi daga jakarta ta rubuta ta, da ma'anarta a gefe.

Wannan babu gyaɗa. Ta biya, ta ce in gaida gida, ta fita ta tari Keke.

Darasi: Sanin karatu daban, tsayawa a karanta daban. Kafin ki ba yaro abin da ke cikin leda ko gwangwani, juya bayansa ki karanta har ƙarshe, har ƙananan haruffan. Kuma idan uwa ko kaka ta ce ɗanta ba ya cin wani abu, kada a ce tsirfa ce, a yarda da ita.

Ku tura wa iyaye, malaman makaranta da masu raba wa yara alewa ranar biki. Allah ya raya Bara'atu, ya saka wa Iya da alheri.