Randar Ƙofar Gidan Mbah Wagiyem

Duk wanda ya ratsa unguwar magina tukwane a garin Bayat ya san Mbah Wagiyem, wato Kaka Wagiyem, ko bai gan ta ba ya ji muryarta. Tun tana budurwa take gina padasan, randar nan mai ɗan baki a gindi da ake girkewa a ƙofar gida, mai shigowa ya wanke hannu da ƙafa da fuska kafin ya taka ciki. Da bokitin roba ya cika kasuwa aka daina saye, amma ita ba ta ɗauke tata ba, kullum sai ta cika ta.

Mijinta Paijan ne mai gasa tukwanen, har hayaƙi ya cinye masa ƙirji. Da korona ta shigo, ma'aikaciyar asibiti ta ja ta gefe ta ce, "Mbah, in ciwon nan ya kama tsohon nan, ba zai tashi ba."

Ana cikin azumi rediyo ya sanar cewa bana kada kowa ya je garinsu yin Sallah. Paijan ya gyara zama.

"Ubana da mashin gora ya tsare ƙauyen nan lokacin Turawan Holan. Mu kuwa ƙasa ta ce mu zauna a gida. Wannan yaƙin zan iya shi."

"Ai kai, Pak, tun kafin ƙasa ta roƙe ka kake wannan yaƙin," in ji ta. Pak take kiransa, wato Baba.

Ranar Sallah da hantsi sai ga babur ya tsaya, duk ƙura. Ɗansu Sutarno ne daga Jakarta, ya biyo ta hanyoyin gonaki. Ya zo yin abin da kowane ɗa ke yi ran Sallah: ya durƙusa, ya ɗora goshi a gwiwar iyayensa, ya nemi gafara. Wagiyem ta riga shi zuwa ƙofa, ta tsaya bayan randa.

"Tsaya nan, Tarno."

"Mbok, ni ne fa, ɗanki!"

"Na sani. Wa ke da kunnuwa irin waɗannan in ba jinin ubanka ba? Wanke hannunka."

Ya wanke, ya ɗaga ƙafa zai shigo.

"Ja da baya."

"Wallahi lafiyata ƙalau. A ce na zo har ƙofa ban taɓa gwiwar Bapak, mahaifina, ba? In bai kai baɗi ba fa?"

"Don ya kai baɗin na tsaya nan."

Daga baranda Paijan ya ce, "Haba Yem, bar yaron ya shigo mana."

"To, ina jarumin ƙasa? Ubanka ya tare Bature da gora, kai ka kasa tare ɗanka?"

Hannunta ya so ya kai kan yaron, sai ta damƙe bakin randar. Sutarno ya dube ta, ya dubi tsohon da ke haki a kujera. Sai ya durƙusa nan kan titi, ya haɗa tafukansa, ya nemi gafara da ƙarfi yadda uban zai ji. Paijan ya dafa gwiwarsa da kansa, ya ce, "Na yafe maka, ɗan nan. Mu ma ka yafe mana."

Ta ɗaura shinkafar Sallah da kaza a kan doguwar sandar tura itacen gashi, ta miƙa masa. Daga nan ya wuce makarantar firamare inda ake killace baƙi. Kafin sati ya zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi, aka gwada, korona ce. Ya sha wuya, ya warke. Ranar da ya ɗora goshi a gwiwar ubansa, Wagiyem ta shige madafa ta yi kukanta, tana ta alhamdulillahi.

Labarin ya zaga. Kafin bikin 'yancin kai, kusan kowace ƙofa a layin da randarta, an shafe su da ja da fari, kalar tuta.

Har yau Paijan na nan. Kullum da safe shi ke cika randar, moɗa bayan moɗa, yana hutawa.

"Bari mana, Pak, za ka faɗi!"

"Ƙyale ni, Yem. Ƙasa nake yi wa aiki."

Sai ta ƙyale shi, tana kallonsa daga baranda.