Mutumin da Ya Kifar da Naman Alhaji Idi Ya Rasu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina tsaye bakin titi a nan Jidda ina jiran motar warsha, wato wurin aikinmu na kafinta, sai waya ta yi ƙara. Abdul ne, ɗan Bangaladash ɗin da suke ɗaki ɗaya da Mu'allim Haruna a unguwar Khumra. Da guntun Larabcinsa ya ce min, "Mu'allim Haruna halas." Sun dawo daga sallar asuba, ya dafe ƙirji, ya jingina da bango, shi ke nan.



Gobe bayan la'asar za a yi masa salla, in takardu sun fito. Tun safe nake buga wa mutanenmu na unguwar Sharafiyya waya ina sanar da su. Wani ya ce yana da aiki. Wani ya ce kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ba zai bar shi ba, alhali na san kafilin nasa ma ba ya ƙasar. Wani kuwa ya fi su gaskiya, cewa ya yi, "Wai mahaukacin nan da ya kifar da naman Alhaji Idi?"

E, shi. Kuma tunda da wannan kaɗai kuka san shi, yau za ku ji labarin daga bakin wanda aka yi a gabansa. Wanda ransa ya ɓaci ya cire ni daga abokansa, ba zan yi rashi ba.

Ba zan ce muku mutumin kirki ba ne irin wanda kuke so. Mu'allim Haruna ba shi da daɗin baki. Kafinta ne, Badamagare, ya zo garin nan tun ana shigowa ta jirgin ruwa, ni kuwa Bakano, kun san wasan da ke tsakaninmu. Shekaru muna aiki tare bai taɓa kiran sunana ba. Bawa yake ce min, ni ma in ce masa bawa, amma in aka zo kan aiki babu wasan. Ya taɓa sa ni kwance aikin yini guda saboda na ɗaura katako da sukurun da bai yarda da shi ba. Na yi fushi, na ƙi cin abinci. Da rana ta take sai ga shi da laban, nonon nan mai sanyi, ya dangwarar a gabana, ya ce in sha kar in mutu a ce shi ya kashe Bakano.

Haka yake alherinsa, kamar yana jifanka da shi.

Da matata ta haihu, shi ya haɗa gadon jariri. Bai gaya min ba. Na dawo gida na tarar da shi a bakin ƙofa, an goge shi sumul, ko fenti babu, wai don kar yarinya ta lasa.

Abin da ya haɗa shi da ku ya faro ne daga wani aiki a Ubhur, can bakin teku. Kafilinmu ya samo kwangilar dandamalin katako a wata istiraha, irin gidan shaƙatawar masu kuɗi, daga ƙofar falo har bakin ruwa, wurin da masu gida za su baza kujeru su sha iska. Duk wanda ya zauna Jidda ya san ruɗuba, laimar nan ta teku. Ka shanya riga da safe ka dawo da yamma ka tarar ta fi da jiƙa. Katakon da muka saba da shi ba ya kai ko'ina a bakin teku, ƙasa gara ta ci, sama gishiri da laima su ruɓar da shi. Don haka aka yi odar wani daga waje, kore-kore, wanda aka dura wa magani da inji har cikin ɓargonsa.

A jiƙe ya iso, nauyi kamar ƙarfe. Mu'allim ya ƙi taɓa shi. Ya sa muka jera shi a inuwa, muka sa tsinke tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, muka bar shi ya sha iska. Kafili yana ta yalla yalla, shi ko a jikinsa. Da muka fara, ya ɗaga ƙafafun dandamalin daga ƙasa don iska ta bi ta ƙarƙashi, ya bar 'yar tazara tsakanin allo da allo don ruwa ya wuce. Duk inda zarto ya yanka sai an shafe bakin da magani. Ƙusa kuwa ko ɗaya bai yarda ba, ya ce maganin cikin katakon da gishirin teku za su haɗu su cinye ta, sai sukurun da ba ya tsatsa.

Yana yanka yana naɗe da ƙyalle a hanci, cikin wannan zafin. In za mu ci abinci sai ya tsaya a kanmu mun wanke hannu da sabulu kamar 'ya'yansa. Mun yi ta yi masa dariya a bayan ido.

Dariyar ta tsaya ranar da mai gadin warsha ya ƙona guntayen katakon a bayan katanga don rage shara. Akwai wani Basudane mai kiwon awaki a wurin. Awakinsa suka zo suka lashe tokar. Washegari muka tarar da mutumin zaune a ƙasa, awaki a kwance kewaye da shi, cikinsu a kumbure. Da idona na gani. Daga ranar Mu'allim yake tattara kowane guntu da kansa, ya ɗure a buhu, ya ɗaure, har motar shara ta zo.

To kun san al'adarmu a nan. Guntun katako ba a hana shi. Kafinta ya gama aiki, abin da ya rage na mata masu tuwon sayarwa ne da masu tsire da duk wanda yake da biki. Shi kansa Mu'allim shekara da shekaru yana aika wa Alhaji Idi mai tsire na Sharafiyya itace kyauta, ko godiya ba ya jira.

Da bikin 'yar Alhaji Idi ya matso, ya zo warsha da kansa neman itace. Mu'allim ya ba shi duk farin da muke da shi. Alhaji ya hango buhunan ya nuna. Mu'allim ya ce masa, "Wannan ba na wuta ba ne, Alhaji. Guba ne." Ina tsaye. Har labarin awakin ya ba shi.

Alhaji ya yi dariya, ya ce shi tun kafin a haifi wasu yake hura wuta, bai taɓa ganin itacen da wuta ba ta tsarkake ba. Ya fita yana cewa Haruna ya fara aikin masu kuɗi, rowa ta kama shi. Ranar Alhamis muna can Ubhur ya turo mai dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, aka ba mai gadi na shayi, aka kwashe buhunan.

Ranar walima bayan la'asar muka je tare. Mu'allim ya sa farar shaddarsa, guda ɗaya tak da yake da ita. An rufe lungu, an shimfiɗa tabarmi, yara sun cika wurin, mata suna leƙowa ta sama. Nama yana kan wuta, wani an riga an kwashe a faranti ana barbaɗa ƙuli ana shirin rabawa.

Muna zama ya miƙe. Ya hangi bakin wani guntu kore yana leƙowa daga ƙarƙashin ragar gashi.

Bai yi sallama ba, bai nemi Alhaji ba, bai ja kowa gefe ba. Da ni ne da na ja shi gefe, amma faranti ya riga ya taso. Ya kama ragar da hannu, da zafinta, ya kifar. Ya bi farantan ɗaya bayan ɗaya ya zubar a ƙasa, ya sa ƙafa ya tura musu ƙasa da toka don kar wani ya ɗauka. Ya ɗauki kular ruwan sha ya juye a wutar. Abin da yake faɗa kawai shi ne, "Kar wanda ya ci. Ku janye yara."

Sauran kun fi ni sani, don da hannunku aka yi.

'Ya'yan Alhaji suka rufe shi da duka. Wasu da yanzu suke sa hoton Ka'aba a shafinsu suna rubuta hadisi kullum safe, na ga takalminsu a haƙarƙarinsa. Na shiga tsakani na samu rabona. Da muka fito haƙorinsa na gaba babu, tafin hannunsa duk ya saɓule, shaddar nan ta zama tsumma.

A asibiti aka tambaye shi wa ya yi masa haka, za a kira 'yan sanda. Ya ce daga kan tsani ya faɗo. Na ce masa Mu'allim wannan wace irin magana ce. Ya ce in yi shiru, rabin mutanen lungun nan ba su da iƙama, takardar zama, in motar 'yan sanda ta zo har amarya sai an kwashe.

Ku sake karanta wannan. Kai da kake zaune a garin nan yau, ka auri mata, ka buɗe shago, ka tuna ko kana da takarda a wancan lokacin.

Ni ba likita ba ne, ban san abin da zai faru ba da kun ci naman nan. Wataƙila ciwon ciki ne kawai, wataƙila abin da ya fi haka. Shi ma bai sani ba. Awaki ya gani, ya kuma ga yaranku zaune da hannu a buɗe suna jiran rabo.

Me kuka saka masa da shi? Kuka ce hassada ce. Kuka ce aljanu. Kuka ce wai ya nemi auren yarinyar an hana shi, mutumin da ya haifi uwarta a shekaru. Aka daina gaishe shi a masallaci. Aka daina kiransa ko gyaran ƙofa. Mai gidan da yake haya a Sharafiyya, surukin Alhaji, ya ce yana buƙatar ɗakinsa. Haka ya tattara ya koma Khumra cikin leburori, dattijo mai furfura yana layin banɗaki da sa'o'in jikokinsa. Suna, aure, rasuwa, babu wanda ya ƙara aika masa. Ranar salla ni kaɗai nake zuwa, in tarar ya dafa shayi a babbar buta kamar yana jiran jama'a.

Na yi ta bayani har na gaji. Kowa sai ya ce min ai ko da gaskiyarsa bai kamata ya yi haka a gaban baƙi ba. Wato ku kunyar ce ta dame ku. Na ce masa ya je ya ba Alhaji haƙuri a wuce wurin, ya ce haƙurin me, shi da ya sake gani zai sake kifarwa. Taurin kai kam Allah ya ba shi, ban musa ba.

Alhaji Idi, na san 'ya'yanka suna karanta shafin nan, su karanta maka. Kai kaɗai ka san an gaya maka tun a warsha. Kalma ɗaya da ka faɗa da mutumin nan bai mutu a ɗakin leburori ba. Ka yi shiru shekara da shekaru saboda kar a ce ka saci buhun shara.

Juma'ar da ta wuce na je wurinsa. Ya rame, yana tari, amma yana zaune a ƙofa yana gyara wa wani ɗan Pakistan akwati. Na ce ya bari in kai shi asibiti, ya ce Bakano ba ya kai mutum ko'ina sai da riba. Muka yi dariya. Da na tashi tafiya ya riƙe min hannu, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Bawa, in ta Allah ta kasance, ka sanar da su, haƙƙinsu ne. Amma kar ka roƙi kowa."

Na ce to.

Don haka ba roƙonku nake ba. Na sanar da ku. Gobe bayan la'asar, motar warsha za ta tsaya a bakin babban titin Sharafiyya tun azahar, kyauta, babu wanda zai ce bai san hanya ba.

In ba ku zo ba ma za a ɗauke shi. Abdul ya gaya min duk 'yan ɗakinsu sun ajiye aikin gobe, an ce za a yanke musu kuɗin yini sun ce a yanke. 'Yan Bangaladash da 'yan Pakistan, waɗanda ba su san ko sannu da Hausa ba, su za su yi masa wanka, su za su sa kafaɗa. In aka tambaye ni a maƙabarta ina mutanensa, zan nuna su.

Ya Allah, ga Haruna nan ya zo maka. Ka san hannun da ya ƙone, ka san dalili. Ka gafarta masa kaifin harshensa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa, ka ba shi maƙwabtan da suka fi waɗanda ya samu a nan.

Zuwanku Mu'allim ya hana ni roƙa, bai hana ni roƙon addu'a ba. Duk wanda ya karanta wannan, ya san shi ko bai san shi ba, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu. Ku kuwa da kuka zauna a lungun nan ranar, ku kira 'ya'yanku da suka girma lafiya, ku sa su ɗaga hannu su ma.