Lalle a Yatsan Baba

Shekarar da aka gyara tsarin ƙananan hukumomi, aka ce ciyaman da kansila ba sauran naɗi sai zaɓe, na baro Gusau na tafi ƙauyenmu na bayan Mada, inda na yi rajista. Na tarar da gari tsit kamar an yi rasuwa. Ashe mutanen daji, 'yan bindigar da suka hana mu sakat, sun aiko. Sun ji ɗan takarar kansila ya yi alkawarin kawo 'yan sa-kai, saboda haka duk wanda suka gani da tawadar zaɓe a yatsa, ya kuka da kansa.

Mu mata mun san abin yi. Muna dangwalawa muka dawo muka kwaɓa lalle, kowa ta ƙunsa hannu, tawada ta ɓace cikin ja. Wa zai tambayi mace dalilin ƙunshi?

Baba ne matsalar. Tsohon nan akwai taurin kai! Na roƙe shi ya zauna gida, ya ce bai taɓa ganin kansilan da ya san ƙofar gidansa ba, wannan kuwa sahu ɗaya suke sallah. Ya je ya dangwala, ya dawo da tawada raɗau a babban yatsa. Ga dawarsa ta isa girbi, gonar kuwa a bakin daji take.

Muka gwada toka, muka gwada kananzir da lemun tsami. Ko gezau. Tsoro ya rufe ni, na jawo ragowar lallen.

"Ke, mi za ki yi min?" in ji Baba. "Ni ango ne?"

"Don Allah, Baba. Yatsa ɗaya kawai."

Ya kau da kai ya miƙo hannu. Da la'asar muka wanke, yatsa ya yi jawur, har na yi ajiyar zuciya. Sai Inna ta leƙo ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ɗiyar nan kin kashe mu. Wane tsoho ke ƙunshi in ba wani abu yake ɓoyewa ba? Tawada da ta gaji ta fita, wannan kuwa sai farce ya sake."



Washegari da hantsi ya ɗauki magirbi. Na tare zaure ina kuka, na ce ya jira. Ya ce in ya jira mutanen daji za su girbe, me za a ci? Ya tura hannun cikin aljihu, ya raɓa ni ya wuce. Daga waje ya waiwayo.

"Ki bi motar Gusau yau. Kada ki jira dawowata."