Ruwan da Muka Ba Wakili

Ni dai tun ina yarinya ba a san ni da haƙuri ba, aure kuma bai gyara ni ba. A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, koko nake sayarwa a Zangon Kumasi, da goyo a bayana. Ɗana na fari zawo ya ɗauke shi yana wata tara. Ga 'yar da nake goye da ita ta fara irin wannan ramar. Rijiya ɗaya gare mu a gangare, kwatar unguwa kuma ta gefenta take bi.

Sai aka ce wakilinmu na majalisa zai zo jin abin da muke so a sa gaba. Maza suka rubuta nasu: tashar motocin goro, fitilun titi, famfo kuwa can ƙasan takarda. Mu mata muka taru a gidan Magajiya, shugabarmu, tsohuwar da ba a ja da ita.

Wata ta ce, "Sau nawa manya na zuwa muna cewa famfo? Ba sa ji."

Na ce, "Yo ina za su ji! Duk ranar da baƙo zai zo, mu ne da sammako har unguwar Ashanti New Town, mu ɗebo ruwan famfo, mu turara randa, mu sanyaya masa. Mutum ya sha ruwa garau a gidanmu, sannan mu ce ba mu da ruwa? Kunyarmu ce ta cuce mu."

Magajiya ta harare ni. "Ke 'yar nan, bakinki ya yi yawa. So kike a ce matan Zango sun ba baƙo ƙazanta?"

"Inna, ita jikokinki ke sha."

Ta daɗe tana taunar goro. Can ta ce, "To, ke za ki miƙa masa."

A wurinmu da wurin Asante duka, ba a fara magana sai baƙo ya sha ruwa, ƙin sha kuwa cin fuska ne. Wakilin Ba'asante ne, da zane a kafaɗa. Na durƙusa na miƙa masa ƙwarya cike da ruwan rijiyarmu. Ruwan ja-ja, 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki. Mijina yana cikin maza, ya sunkuyar da kai.

Wakili ya leƙa ƙwaryar, ya dubi Magajiya, ya kira ta uwa da yarensu. "Maame, wannan fa?"

"Ɗana, namu ke nan. Wanda kuke sha a da, daga wata unguwa muke ɗebowa."

Sai ya ɗaga ƙwarya zuwa baki. Wallahi sha zai yi! Ban san lokacin da na fizge ta ba. Na ce, "Kada ka sha, ranka ya daɗe. Shi ya kashe mini ɗa." Sai ga ni ina kuka a gaban maza, ni da ko ranar jana'izar yaron ban bari an ga hawayena ba.

Ya nemi takardar maza, ya zaro alƙalami, ya rubuta famfo a sama.

Kwana uku mijina bai yi mini magana ba, ni kuwa ko a jikina. Famfo bai zo da wuri ba, sai da damina biyu ta wuce. Muka riƙa zuwa ofishin wakilin bi da bi, har maigadi ya san goyon kowa. Kafin nan Magajiya ta kafa doka: sammakon da muke yi don baƙi, a koma yin sa kullum don jarirai.

Ranar da aka buɗe famfon, 'yata da ƙafarta ta je. Na tara wannan ƙwaryar na ba ta, ta shanye tas, ta miƙo mini tana neman ƙari.